Tarko ko kafewa? Tafiyar cajin da haske ke tayarwa cikin oksid, da kalmomin faɗin ta da Hausa

0. Gabatarwa

Wannan ƴar takarda ta samo asali ne daga wani kuskure da muka tafka da hannunmu. A wani zaman aiki na fassara darussan kimiyya domin malaman makarantu masu harshe biyu, an kawo mana shafi guda da ke bayanin abin da hasken rana ke yi cikin wasu daskararrun abubuwa. Kalmomi biyu na Faransanci suka tsaya mana, « trou » da « piège ». Muka ce ta farko rami, ta biyu tarko, kuma ba wanda ya ja. Bayan ƴan watanni, a Magarya, muka roƙi wani malami da ya yi aiki da shafin ya maimaita mana abin da ya koya wa yara. Sai ya ce: haske yana tayar da elektaron, elektaron ya yi gudu ya faɗa rami, ramin nan shi ne tarko. Hausarsa ba ta da aibi, kuma hankali ya ɗauka. Amma zancen a kife yake, domin abin da masana ke kira « trou » ba wurin faɗawa ba ne kawai, shi ma matafiyi ne mai ɗauke da caji, har shi kansa tarko na kama shi. Laifin ba na malamin ba ne. Wanda aka ba rami da tarko a layi ɗaya dole ya gama su.

Mu ba masana fizik ba ne, aikinmu nazarin harshe. Sai dai Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, ya haɗa abubuwan nan biyu a rayuwarsa: shi ne ya daɗe yana shugabancin ofishin makamashin rana, ONERSOL, kuma shi ne tun 1964, cikin littafinsa kan ilimi a Afirka, ya kare koyarwa da harsunan gida. An buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Ke nan tambayar ba sabuwa ba ce. Abin da za mu yi a nan shi ne mu bi al'amarin kansa daki-daki, mu ga wace kalma ce ke riƙe shi, wace ce ke zubar da shi.

1. Oksid, tazara da launi

Oksid shi ne abin da ake samu idan wani sinadari ya haɗu da oksijan. Tsatsa ce wadda kowa ya sani. Tun a nan harshe ya fara ba mu aiki, domin kalmar ƙarfe tana nufin dangin gaba ɗaya, tana kuma nufin ɗaya daga cikinsu. A cikin takardar nan, in mun ce ƙarfe dangin muke nufi (titan, alminiyom, jan ƙarfe da sauransu), in kuwa na maƙera muke nufi sai mu ce baƙin ƙarfe.

Duk wanda ya bi hanya tsakanin Magarya da Dungas da rani ya lura da cewa rairayin kan tudu ja-ja ne, na cikin kwari kuwa ya fi haske, wani wuri har toka-toka. Ƙwayar rairayin iri ɗaya ce, kwarts ce, kuma ba ta da launi. Jan da ake gani wata siririyar riga ce ta oksid na baƙin ƙarfe da ta lulluɓe kowace ƙwaya: hematit (Fe₂O₃) mai ba da ja, da gowetit (FeOOH) mai ba da rawaya-rawaya. Inda ruwa ke kwanciya ya daɗe, rigar takan narke ta wanke, shi ya sa rairayin fadama ke koɗewa. Marmarar da ake zuba wa hanyoyi, da tamar da maƙeran da ke narkawa, duk ƴan gidan nan ne.

To, me ya sa hematit ke ja? A cikin irin waɗannan abubuwa, elektaron ba ya iya samun kowane matsayin ƙarfi da ya ga dama. Akwai wani zango na ƙasa wanda yake cike maƙil, inda elektaron ke ɗaure da zarrarsa. Mun kira shi zangon zama. Akwai wani na sama wanda yake kusan wayam, inda wanda ya hau ke iya yawo; mun kira shi zangon tafiya. Tsakaninsu akwai tazara wadda ba a tsayawa cikinta. Ana auna ta da ma'aunin da ake kira elektaron-bolt (eV). Shi kuwa haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma ƙarfin kowace ƙwaya ya dogara ga tsawon zangon kaɗawarta: a raba 1240 da tsawon, a lissafin nanometir, sai a samu ƙarfin a lissafin eV. Nanometir ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyar na metir. Kaurin silin gashi ya kai nanometir dubu hamsin ko fiye. Hasken da ido ke gani yana tsakanin nanometir 400 da 700, wato daga eV 3,1 zuwa kimanin 1,8.

Ƙa'idar gajera ce: ƙwayar hasken da ƙarfinta ya kai faɗin tazara ita ce ake haɗiyewa, ta ɗaga elektaron ɗaya zuwa zangon tafiya, wadda ba ta kai ba sai ta wuce ko ta dawo. Tazarar hematit kusan eV 2,1 ce, don haka yana shanye shuɗi da kore, ya maido mana ja. Oksid na titan (TiO₂), wanda shi ne farin da ke cikin fenti, tazararsa eV 3,0 ce a nau'in rutil, 3,2 a nau'in anataz. Bai shan komi daga abin da ido ke gani, sai hasken da ke bayan shuɗi wanda ke ƙona fata, kuma wannan bai wuce kashi 5 cikin 100 na ƙarfin hasken rana ba. Shi ya sa yake fari fat. Manyetit (Fe₃O₄) kuwa kusan ba shi da tazara, yana haɗiye duka, ga shi baƙi ƙirin. Mai nazarin harshe ba zai rasa murmushi ba a nan, ganin cewa launuka ukun da Hausa ta riƙe a matsayin tushe, fari da ja da baƙi, kowane ya samu oksid nasa, kuma faɗin tazara kaɗai ya raba su.

2. Gurbi, ba rami ba

Idan elektaron ya hau, yana barin wuri a zangon zama. Da yake elektaron na ɗauke da caji mai alamar ragi (−), wurin da ya bari yana aiki tamkar caji mai alamar ƙari (+). Wani elektaron na maƙwabta yakan zo ya cika wurin, shi ma ya bar nasa, na gaba ya cika wannan, haka-haka. Ga mai kallo daga nesa, wurin da ba kowa ne ke tafiya.

Kalmar rami ba ta iya ɗaukar wannan. Rami abu ne da aka gina, yana nan inda yake, kuma abin da ake tsammani daga gare shi shi ne a faɗa ciki. A duba:

(1) a. Ya faɗa rami.
b. Ya cike gurbin wansa.
c. Gurbin ya koma hagu.

Jimla ta (1b) tana nuna cewa gurbi wuri ne na wani abu da ya tashi, wuri mai jiran a cika shi. Ta (1c) kuwa duk ɗan dara ya san ta: in aka matsa ɗa zuwa dama, gurbin da ba kowa ya koma hagu, ba tare da an gina sabo ko an binne tsoho ba. Saboda haka muna ganin gurbi ce fassarar « trou », har ma muna ganin ta fi ta Faransancin dacewa, tun da ita ma « trou » tana jan ɗalibi zuwa ga tunanin faɗawa.

Abin da ya sa kuskuren malamin Magarya ke da wuyar kamawa shi ne akwai ƙanshin gaskiya cikinsa. Lalle elektaron na iya gamuwa da gurbi ya koma ciki. Amma wannan shi ne ƙarshen zance: caji biyun sun kashe juna, ƙarfin da haske ya kawo ya tashi a zafi ko a ɗan ƙyalli. Mun kira wannan komawa gurbi. Tarko kuwa jinkiri ne, cajin yana nan da ransa, an dai tsare shi. Duk amfanin da ake nema daga haske, ko kuran ne ko haɗa sinadari, yana cikin ɗan lokacin da ke tsakanin hawa da komawa gurbi, da kuma nisan da elektaron da gurbi suka iya ci kafin lokacin ya ƙare.

3. Abu biyu ƙarƙashin kalma ɗaya

A nan ne muke son mu ɗan daɗe, domin Faransanci yana amfani da « piège » da danginta ga abubuwa biyu waɗanda asalinsu ya bambanta, Hausa kuwa tana da hanyar raba su tun daga ginin aikatau.

Na farko shi ne wanda ya samo asali daga aibi. Zarrori cikin oksid jere suke layi-layi, amma ba jerin da ba shi da tawaya: nan an rasa oksijan ɗaya, can wata baƙuwar zarra ta shiga, ga kuma fuskar ƙwayar, inda jerin ya yanke ya bar hannuwa a sake. Kowane irin wannan wuri yana buɗe wani ɗan matsayi cikin tazarar da muka ce ba a tsayawa, kuma cajin da ya bi ta nan yana iya zama. Wurin yana nan tun kafin cajin ya iso. Wannan tarko ne na sosai, kuma kalmar ta dace.

Na biyu ba ya bukatar aibi ko kaɗan. A ɗauki hematit mai tsabta, jerinsa cikakke. Elektaron ya sauka kan wata zarrar baƙin ƙarfe mai caji uku (Fe³⁺), ya maishe ta mai caji biyu (Fe²⁺). Ita wannan ta fi waccan girma, kuma ba ta jan oksijan shidan da ke kewaye da ita da ƙarfi kamar da, sai su ɗan ja da baya. Matsin bai kai faɗin zarra ba, amma ya isa ya sa wurin ya fi ko'ina daɗin zama ga elektaron. In zai koma kan zarrar gaba, sai oksijan na can su ma sun ja da baya tukuna. Ke nan shi da kansa ya gina abin da ya riƙe shi. Lev Landau ne ya fara hasashen haka a 1933, Solomon Pekar ya raɗa wa elektaron haɗe da lotsawar da yake ja sunan polaron a 1946, Theodore Holstein kuma ya yi lissafin ƙaramin nau'insa, wanda ke zaune kan zarra guda, a 1959.

Duk direban da ke shiga ƙauyukan Dungas ya san wannan hali. Ba wanda ya gina masa rami a hanya. Nauyin motar ne ke lotsa rairayi, ƙafa ta nutse, in ya ƙara wuta ta ƙara nutsewa. Ba a cewa mota ta kamu. A kwatanta:

(2) a. Ɓera ya kamu.
b. Mota ta kafe.

Bisa tsarin ajujuwan aikatau na F. W. Parsons (1960), kamu ɗan aji na 7 ne, daga kama, kuma mai ji yana jin cewa akwai abin da ya yi kamun, ko da ba a ambace shi ba. Kafe kuwa ɗan aji na 4 ne, a nan ba ya ɗaukar karɓau, kuma ba ya nuni ga kowa a waje: abin ya auku ne ga motar, ta dalilin halinta da halin ƙasar. Shawararmu ita ce a bar tarko da kamuwa ga na farko, a ba na biyu kafewa. Bafaranshe sai ya ƙara ɗafin « auto- » kafin ya faɗi abin da Bahaushe ke faɗi da canjin wasali ɗaya da sauyin saiwa.

Wajibi ne a faɗa wa ɗalibi inda misalin ya tsaya. Mota in ta fita tana barin ramin a baya. Jerin zarrori kuwa yana komawa yadda yake da zarar elektaron ya tashi, sabuwar lotsawa ta buɗe a inda ya sauka. Wato kafewar tana bin shi duk inda ya je, tafiyarsa ta zama tsalle-tsalle daga zarra zuwa zarra, kowane tsalle sai an jira. Abin da ke taimakonsa shi ne zafi, domin zafi girgizar zarrori ne, kamar masu turi da ke jijjiga mota gaba da baya har ta samu ta haye. Daga nan aka samu wata alama da ake gane kafewa da ita: wayar jan ƙarfe in ta yi zafi tana ƙara wahalar da kuran, hematit kuwa in ya yi zafi sai ya ƙara sakin hanya.

Bambancin saurin ba kaɗan ba ne. A ma'aunin da ake auna sauƙin tafiyar caji (cm²/V·s), elektaron cikin silisiyom yana da kusan 1400, cikin hematit kuwa bai kai 1 ba. Ya kamata mu faɗa a nan, don kada a ruɗe, cewa allunan hasken rana da ake gani bisa rijiyoyin burtsatse da shagunan cajin waya a Magarya na silisiyom ne, ba na oksid ba, kuma wannan bambancin na cikin dalilan da suka sa haka.

4. Hasarar da ke cikin jar ƙasa

A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda, a Japan, suka nuna cewa oksid na titan da aka tsoma a ruwa aka haska shi yana iya taimakawa a raba ruwa zuwa oksijan da hidrojan. Gurabun ne ke zuwa fuska su ƙwace elektaron daga ruwa. Sai an tara gurbi huɗu kafin a samu ƙwayar oksijan (O₂) ɗaya. Da yake titan ba ya shan hasken da ido ke gani, nan da nan hankali ya koma kan hematit: ga arha, ga yawa, ba ya dafi, ba ya lalacewa cikin ruwa mai kanwa-kanwa, kuma tazararsa ta dace da rana. A lissafi yana iya maida kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfin rana zuwa hidrojan. Yau fiye da shekara arba'in ana fama, kuma mafi yawan sakamakon ɗakunan bincike bai kai rabin wannan ba.

Dalilin yana cikin lambobi biyu. Koren haske yana shiga hematit kimanin nanometir 100 kafin a shanye shi. Gurbin da aka haifa a can ciki kuwa ba ya cin fiye da nanometir 2 zuwa 4 kafin wani elektaron ya koma cikinsa. Kennedy da Frese ne suka ba da wannan ƙiyasi tun 1978. Ke nan mafi yawan gurabun suna mutuwa nesa da bakin ruwa. A 2017 ƙungiyar Stephen Leone ta Berkeley, a Amurka, ta yi amfani da walƙiyar haske mai gajeren zango ƙwarai ta ga cewa elektaron cikin hematit yana kafewa cikin ƴan pikosakan, wato kashi kaɗan cikin miliyan sau miliyan na sakan ɗaya. Wanda ya kafe kusa da inda aka haife shi bai yi nisa da gurbinsa ba, komawa ta yi sauƙi. A ɗaya gefen kuma, aikin ƙungiyar James Durrant a Landan ya nuna cewa gurbin da zai ci ruwa a fuskar hematit yana bukatar ya rayu daga wani yanki na sakan har zuwa sakan guda ko fiye. Tsakanin pikosakan da sakan akwai sifiri goma sha biyu.

Ga inda rarrabe kalmomin ke da amfani na zahiri. Tarko ana iya rage shi: a tsabtace abu, a gasa shi, a shafe fuskarsa da wata siririyar riga. Kafewa ba ta jin wannan magani, domin halin hematit ne kansa. Abin da ake yi sai dai a rage nisan tafiya, a gina shi siriri ko tsinke-tsinke yadda ko'ina kusa yake da ruwa. Ɗalibin da aka ba kalma ɗaya zai ɗauka cewa tsabta kaɗai ta isa.

A oksid na titan kuwa, inda gurabu ke isa fuska da sauƙi, abin yakan zama ɓarna. Wanda ya shafa tsohon farin fenti na ƙofar ƙarfe da ta sha rana ya ga gari a tafinsa. Gurabun ne, tare da laimar iska, ke haifar da sinadarai masu cin ƙaron da ya riƙe fentin, har farin ya saki. Shi ya sa masu yin fenti suka fi son rutil a kan anataz, kuma suke lulluɓe ƙwayoyinsa da oksid na alminiyom ko na silisiyom.

5. Zoɓo a kan titan

Akwai wata dabara da ta kewaye matsalar farin titan. A 1991 Brian O'Regan da Michael Grätzel suka shafa ƙwayoyin titan ƙanana, masu faɗin kimanin nanometir 20, a kan gilashi, suka rina su. Rinin ne ke shan haske, ya miƙa elektaron ga titan cikin ƙasa da pikosakan ɗaya, gurbin kuma ya tsaya a wajen titan. Da yake an raba su gida tun farko, komawa ta yi wuya. Na'urarsu ta farko ta ba da kusan kashi 7 cikin 100. Elektaron yana ratsa shafin titan, mai kaurin kimanin mikrometir 10, ta hanyar kamuwa da kuɓuta sau da yawa, tafiyar da ke cin kusan kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Tarkunan nan marasa zurfi ne, suna jinkirtarwa ba su hanawa.

Abin da ya sa muka kawo wannan shi ne jan ruwan zoɓo, wanda ake nomawa a karkarar nan da kuma hayin iyaka a Jigawa, yana manne wa titan ya yi wannan aiki. Wani bincike da aka yi a Tailan a 2007 ya samu kashi 0,37 cikin 100 da shi. Ba abin da za a haska gari da shi ba ne, kuma rana na kashe launin da wuri. Amma a matsayin gwajin aji, inda ɗalibi zai ga allurar ma'auni ta motsa saboda abin da ake sha a gidansu, muna ganin ba shi da na biyu.

6. Zurfin tarko da tsawon zama

Tsawon zaman caji cikin tarko ya dogara ga zurfinsa da kuma zafin wurin. Girgizar zafi a yanayin ɗaki ba ta wuce eV 0,025 ba a matsakaici, amma cajin yana gwada fita kusan sau miliyan goma sau miliyan a kowane sakan, jefi-jefi kuma girgiza babba takan zo. In aka ɗauki wannan adadin gwaji, a digiri 27, lissafi yana ba da kimanin haka:

(3) a. zurfin eV 0,5: kashi 25 cikin miliyan na sakan
b. zurfin eV 1,0: kusan awa biyu
c. zurfin eV 1,7: fiye da shekara miliyan 100

An ninka zurfi sau uku da ɗoriya, zama ya tashi daga abin da bai kai ƙiftawar ido ba zuwa abin da ya girmi ɗan Adam. Saboda haka sifofin nan biyu, mai zurfi da marar zurfi, ba ado ba ne a jimla, kuma bai kamata mai fassara ya yar da su ba.

Tarko mai zurfi hasara ne ga mai neman kuran, amma ga wani ajiya ce. Mu koma ga ƙwayar rairayin, ƙarƙashin jar rigarta. Kwarts oksid na silisiyom ne (SiO₂). Silisiyom ba cikakken ƙarfe ba ne, amma ƙa'idar ɗaya ce. Tazararsa ta kai kusan eV 9, hasken rana ba ya iya ɗaga komi a cikinsa. Abin da ke ɗagawa shi ne ɗan tururin nukiliya da ke fita a hankali daga iraniyom, toriyom da potasiyom na cikin ƙasa. Ƙwayar da ke binne tana tara caji cikin tarkunanta shekara da shekaru. Ranar da iska ta tone ta, hasken rana, wanda bai isa ya tsallakar da tazara ba amma ya isa ya fid da kamamme daga tarko, yana wanke ajiyar cikin sakan kaɗan zuwa mintoci. In aka sake binne ta, tari ya soma daga sifiri.

A 1985 David Huntley da abokan aikinsa a Kanada suka maida wannan agogo. Ana ɗebo rairayi cikin bututu ba tare da ya ga rana ba, a wanke rigar oksid da asid cikin ɗaki mai duhu, a haska shi da shuɗi ko kore, a auna ɗan ƙyallin da ke fita yayin da elektaron ke komawa gurabu. Yawan ƙyallin yana faɗin yawan tururin da ƙwayar ta sha. A raba shi da abin da ƙasar wurin ke bayarwa a shekara, sai a samu tun yaushe rabon ta da rana. A ƙarshen shekarun 1990 Stephen Stokes da wasu sun yi aiki da dabarar kan tuddan Manga, a arewa maso gabashin Najeriya daf da iyakarmu, inda ta nuna cewa rairayin ya sha tashi yana kwantawa cikin shekaru dubbai da suka shige. Tuddan da gawo da hatsi suka riƙe yau a Magarya da Dungas irin wannan littafi ne, kuma tambayar yaushe suka yi motsin ƙarshe ba ta masana kaɗai ba ce, a yankin da gonaki suka cinye kusan duk wani fili. Cikin oksid na ƙarfe na sosai ma ana cin wannan amfani: oksid na alminiyom da aka sa wa ɗan karbon shi ne cikin wasu bajojin da ma'aikatan ɗakin hoton ƙashi ke maƙalawa a riga, don a san yawan tururin da ya same su.

7. Abin da ya rage kan kalmomin

Ga yadda muka sake rubuta jimlolin shafin da ya jawo zancen:

(4) Haske yana ɗaga elektaron, ya bar gurbi. Su biyun suna tafiya. Kowanensu na iya kamuwa a tarko inda jeri ke da aibi, ko ya kafe ko da ba aibi. In elektaron ya koma gurbi, aikin ya ƙare.

Saura sunan polaron kansa. Wani abokin aiki ya kawo kafaffen caji, kuma kunne ya so shi. Mun ƙi shi saboda dalilin nahawu: sifar da ake ginawa ta wannan hanya ba ta riƙe bambancin aji, kafaffe na iya fitowa daga kafa kamar yadda yake iya fitowa daga kafe, kuma mai ji zai fi saurin fahimtar abin da wani ya kafa ya tsaya daram, kamar kafaffen turke. Wannan ya maido mai aikatawa na waje da muka sha wahalar kora, ya kuma ɓoye cewa abin yana tafiya. Sunan aiki kuwa yana riƙe bambancin, kafawa dabam, kafewa dabam. Don haka muka tsaya kan caji mai kafewa, ko a bar polaron yadda yake a yi masa bayani sau ɗaya.

Wata matsalar ta rubutu ce. Tsakanin kafe da ƙafe lanƙwasa ɗaya ce, kuma ƙa'idar rubutu ta 1999 ta tanadi haruffan biyu, amma a gwajin farko da muka buga, mai bugun ya gyara mana da kyakkyawar niyya ya sa elektaron ya ƙafe, kamar rijiya a watan bazara. Malamai biyu da suka karanta sun fahimci cewa cajin ya ƙare ne, wato daidai ma'anar komawa gurbi, abin da muke son raba shi da kafewa. A bugu na gaba mun sa misalin motar a layin da ke biye, kafin kowane lissafi.